JINYAR MAI ƘIBA A GADON ASIBITI: NAUYIN DA YA HAU KAN MATASA

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan uwa ma'aikacin jinya, wanda ya daɗe yana aiki a asibitocin Jihar Jigawa, ya gabatar ga matasa a wani zama da aka yi a Dutse. Mun rubuto shi daga abin da aka naɗa, sai ɗan maimaici da muka rage saboda ƙarancin fili. A sha karatu lafiya.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa. 

Lokacin da na faɗa wa waɗanda suka gayyace ni cewa a kan jinyar mai ƙiba zan yi magana, wani daga cikinsu ya yi dariya, ya ce, "Malam, a Jigawa? Mu da tamowa ta hana mu sakat?" Kuma wallahi yana da hujja. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na yaran jihar nan 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda rashin wadataccen abinci. Wannan ba abin musu ba ne. To amma ku shiga ɗakin maza ko na mata a kowane babban asibiti ku duba da idonku. Za ku tarar a wannan ɗakin ana jinyar yaron da ƙashin haƙarƙarinsa ke ƙirguwa, a ɗakin da ke kusa kuma ga kakarsa ko wani baffansa wanda mutum huɗu ba sa iya juya shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙibar da ta zama cuta, kuma a tsakanin manya adadin ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. Jihar nan a 1991 aka ƙirƙiro ta. Wato a tsawon rayuwar Jigawa kaɗai wannan abu ya faru, kuma bai tsallake mu ba.

Me ya sa ku matasa nake faɗa wa? Saboda a Ingila ko Amurka, idan aka kwantar da mutum mai nauyi, akwai gado na musamman mai faɗi, akwai wata na'ura mai ƙugiya da ake sa majinyaci a cikin wani zani mai ƙarfi, a danna maɓalli ta ɗaga shi kamar ana ɗaukar jariri. Mu a nan, wannan na'urar ku ce. Ranar da mahaifi ya faɗi a banɗaki, ko Hajiya ta kasa tashi daga kan darduma, kalmar farko da za a ji a gida ita ce, "A kira samari." Ku za ku ɗauka, ku za ku sa a mota, ku za ku kwana a barandar asibiti. Ma'aikatan jinya ba su da yawa. A farkon 2024 shugaban hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista a ƙasar nan ya bayyana cewa fiye da 15,000 daga cikinsu sun bar Nijeriya a 2023 kaɗai. Makarantar koyon jinya ta Birnin Kudu tana yaye ɗalibai, amma rijiyar da ake ɗiba ba dare ba rana sai a hankali. Saboda haka rabin jinya a hannun dangi take, kuma ƙarfin dangi ku ne. Matsalar ita ce ƙarfi kuke kawowa, ilimin ba a ba ku ba.

Bari mu fara da sanin wane ne muke magana a kansa, don ba kowane mai teɓa ba ne. Likitoci suna da lissafi: a ɗauki nauyin mutum da kilo, a raba da tsawonsa da mita wanda aka ninka sau kansa. Alal misali mutum mai tsawon mita 1 da santimita 70, nauyinsa kilo 120. Ka ninka 1.7 sau 1.7, ka sami 2.89. Ka raba 120 da wannan, ka sami 41 da rabi. Daga 30 zuwa sama ana kiranta ƙiba a likitance, daga 40 zuwa sama kuwa ita ce mai tsanani, kuma ita ce mas'alarmu ta yau.

Sai dai ku lura, ba duk girman jiki ne kitse ba. Wani kumburi ne, ruwa ya taru saboda ciwon zuciya ko ƙoda ko hanta. Idan ka danna ƙaurinsa da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai dawo ba. Wata kuma maganin nan ne da ake kira sha-ka-fashe, wanda 'yan uwanmu mata ke saye a kemis don su yi jiki, musamman gab da aure. A cikin abin da ake haɗawa akwai irin su Dexamethasone, mai kumbura fuska da ciki, ya jawo ciwon suga da hawan jini, ya sa fata ta yi laushi, rauni ya ƙi warkewa. Idan kun san 'yar uwarku tana sha, ku faɗa wa likita a ranar da aka kwantar da ita, kada kunya ta hana ku. Kuma kada ku ƙwace ku ce ta daina yau yau, domin wanda ya daɗe a kan irin wannan magani tsayar da shi farat ɗaya yana iya kashe shi. Likita ne zai rage shi sannu a hankali.

To yanzu zan ba ku labarin da ya sa na ɗauki wannan magana da zafi, kuma laifina yana ciki.

Ina sabon ma'aikaci, a wani asibiti da ba sai na ambaci sunansa ba, aka kawo mana wani dattijo ɗan kasuwa a bayan akori-kura. Shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi. Ba mu auna shi ba, don sikelin da muke da shi ya gaza, amma na ƙiyasta ya haura kilo 140. 'Ya'yansa maza biyar, majiya ƙarfi, masu biyayya ƙwarai. Ba su bar shi ya nemi komai ba. Magani kafin a gama rubutawa sun sayo. Amma duk sanda muka ce a zo a juya shi, sai babban ya ce, "Malam, a bar Baba ya huta, juyawar nan tana wahalar da shi." Mu kuma da dare mu biyu ne a ɗaki cike da majinyata, sai muka sami abin da muke so, muka ƙyale. A rana ta huɗu muna canza zanin gado na ga wani wuri a ƙasan bayansa, daidai ƙarshen ƙashin baya, ya ɗan fi sauran jikin duhu, faɗinsa kamar tafin hannu. Na taɓa na ji ɗumi. Na ce a raina ai kwanciya ce kawai, na rufe. Bayan 'yan kwanaki wari ya fara tashi. Da muka buɗe, fatar ta ɓurme, ramin da ke ƙasa hannuna yana iya shiga. Dattijon nan ya fara motsa ƙafa, bakinsa ya fara daidaita, wato shanyewar tana sauƙi. Gyambon ne ya ruɓe, ƙwayoyin cuta suka shiga jini, ya rasu. Ajali na Allah ne, babu mai ja. Amma sababi a gabana ya fara, na gan shi, ban san abin da nake gani ba.

Wannan shi ake kira gyambon kwanciya. Yadda yake faruwa shi ne, nauyin jiki yana matse nama tsakanin ƙashi da katifa, ƙananan hanyoyin jini su toshe, naman ya mutu. Cikin 'yan awanni ɓarnar take farawa, kuma sau da yawa daga ciki take tasowa, kusa da ƙashi, kafin fata ta nuna. Wasu suna zaton mai kitse yana da katifarsa a jikinsa. Sam. Kitse ba shi da wadatar jini kamar tsoka, ga nauyi ya ninka, ga gumi, ga wahalar motsi. Shi ma yana cikin babban haɗari.

Ga kuma abin da littattafan da muka karanta ba su koya mana da kyau ba. Sun ce alamar farko ita ce fata ta yi ja. To a jikin Bature ke nan. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai. Abin da za ka nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko yana sheƙi. Ka taɓa ka ji ya fi sauran jiki zafi ko sanyi, ya yi tauri ko ya yi taushi kamar ruɓaɓɓen mangwaro. Ko majinyaci ya ce nan wurin yana masa zogi. Da rana za ka duba, ko ka haska da fitilar waya. Wuraren dubawa: ƙasan baya, ɗuwawu, gefen kwankwaso, diddige, idon sawu, ƙeya, gwiwar hannu. Ka ga irin wannan, ka kira nas a take, kuma kada a sake kwantar da shi a kan wurin. Kada ka murza, kada ka shafa man zafi. Murzawa ƙara kashe naman take yi. Idan kuwa ya riga ya fashe, to ba wurin toka ba ne, ba wurin man shanu ba ne, ba kuma wurin fasa kafso a barbaɗa ba ne kamar yadda aka saba. A bar wa ma'aikata su wanke.

Maganinsa juyi ne. Wanda ba ya iya motsa kansa, duk awa biyu a sauya masa kwanciya, har da dare. Na san abin da wuya. Ku raba dare a tsakaninku kamar masu gadi, kowa ya saita ƙararrawar wayarsa. Kuma ba sai an kifar da shi gaba ɗaya a kan haƙarƙari ba. A karkata shi kaɗan, a cusa matasai a bayansa su tare shi, a sa ɗaya tsakanin gwiwoyi, a sa ɗaya a ƙarƙashin ƙauri yadda diddige zai tashi daga katifa ya zauna a iska.

Mai ƙiba kuma yana da wuraren da siriri ba shi da su, wato inda fata ta ninku a kan fata: ƙarƙashin tumbi, matsematsi, hammata, ƙasan nono, wuya, bayan gwiwa. Kun san zafin garin nan a Afrilu da Mayu, ga shi wuta ba ta zama balle fanka ta juya. Gumi yana taruwa a waɗannan lunguna, fata ta jiƙe ta saɓule, cuta dangin makero ta kama, wuri ya yi ja ya yi wari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kullum, safe da yamma, a ɗaga kowane ninki a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu mara ƙarfi, a tsane da tattausan ƙyalle ta hanyar dannawa, ba gogawa ba, a shimfiɗa busasshen ƙyallen auduga a tsakani, a canza shi idan ya jiƙe. Kada a zuba hoda ta yi dunƙule. Kuma ku duba ko wani abu ya maƙale. Na taɓa ciro murfin allura da ɓawon gyaɗa daga ƙarƙashin cikin majinyaci, kowanne ya bar rauni. Robar fitsari ma idan cinya ta danne ta kwana guda, sai ta yi shata a nama.

Mu zo kan ɗauka, inda samari suka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Mutum mai kilo 150 buhun siminti uku ne. Amma buhun siminti ba ya jin zafi, ba ya tsorata ya fizge, ba shi da kafaɗar da za ta goce. A 2007 wani masani a hukumar Amurka mai kula da lafiyar ma'aikata a wuraren aiki ya fitar da lissafi cewa bai kamata mai jinya ya ɗaga fiye da kimanin kilo 16 na jikin majinyaci da hannunsa ba, kuma wannan idan komai yana daidai ne. Kilo 16 bai kai jarkar ruwan da 'yan ga-ruwa ke turawa ba. Ƙafa ɗaya ta wannan mai kilo 150 tana kai wajen kilo 24. Ƙafa ɗaya kawai! Ni da ke gabanku, shekarata nawa ba na iya doguwar tsayuwa saboda wani dare da na ce ni namiji ne, na ciccibi majinyaci ni kaɗai. Na ji abu ya ce ƙas a ƙuguna, shi ke nan. Mai zaman jinya da ya karya bayansa ya zama majinyaci na biyu a gida ɗaya.

Saboda haka ƙa'idar ita ce, mai nauyi ba a ɗaga shi, mirgina shi ake yi ko a zamar da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku taru aƙalla mutum huɗu, kuma nas na wurin. A taka birkin tayoyin gado. A duba robar ƙarin ruwa da ta fitsari kada a fizge su. A faɗa wa majinyaci abin da za a yi, ko da ana ganin ba ya ji. A naɗe hannayensa a ƙirji, a lanƙwasa gwiwar da za ta koma sama. Mutum ɗaya ne kawai zai yi magana, wanda ke wajen kai, shi zai ƙirga ɗaya, biyu, uku. A riƙe zanin da ke ƙarƙashinsa, ba fatarsa ba, a mirgino shi wajen waɗanda ke tsaye suna tare shi, ba wajen da babu kowa ba. Ku ware ƙafafu, ku durƙusa da gwiwa, baya a miƙe, kada ku murɗa ƙugu da kaya a hannu. Abin da na fi tsana shi ne a zura hannu a hammata a ja mutum sama. Wanda ɓarinsa ya shanye kafaɗarsa a sake take, nan da nan ta goce. Jan mutum a kan zanin gado kuma yana yage naman da ke ƙarƙashin fata, gobe ka ga gyambo ka rasa daga ina. Inda babu zani mai santsi irin na asibitocin waje, babbar leda mai santsi ninki biyu a ƙarƙashin zanin tana rage wahala ƙwarai, amma a cire ta da zarar an gama, kada ya kwana a kai.

Idan kuna taka masa zuwa banɗaki kuka ji yana sulalewa, kada ka ce za ka tare shi. Ba za ka iya ba, tare za ku faɗi. Ka jingina shi da jikinka ka bi shi ƙasa a hankali, ka kare kansa. In ya kai ƙasa a bar shi a nan, a kira ma'aikata su duba kafin a yi maganar tayarwa. Kujerar roba ba wurin zamansa ba ce, na ga ta tarwatse da mutum. Masai na tsuguno kuwa tarko ne, zai tsuguna ya kasa tashi. Kowane mai walda a Dutse zai iya ƙera maka kujerar ƙarfe mai faɗi, mai hannuwa, da rami a tsakiya, a sa fo a ƙasa. Kuɗinta bai kai na jinyar karaya ba.

Sai numfashi, kuma wannan ku buɗe kunne, don shi ne mai kisa cikin mintoci. Idan mai ƙiba ya kwanta rigingine a shimfiɗe, nauyin ciki yana turo huhu sama, nauyin ƙirji yana danne shi, kitsen wuya yana matse maƙogwaro. Abin da ka ɗauka hutu ne, shi a wurinsa shaƙa ce. A kishingiɗar da shi, kai da kafaɗu da baya duk a sama, kamar rabin zama. Wannan ya fara tun daga gida. Idan za ku ɗauko shi daga Kiyawa ko Jahun ko wani ƙauye a bayan Shuwarin, kada ku shimfiɗe shi a bayan akori-kura kamar buhu. Wani ya zauna a bayansa ya jingina shi, ko a tara katifa da matasai. Idan ba ya cikin hayyacinsa ko yana amai, a karkata shi gefe. Kuma in an tura ku babban asibiti, ko na Rasheed Shekoni da ke nan Dutse wanda ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Tarayya, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko na Malam Aminu Kano a Kano, ku roƙi wanda ya rubuta takardar ya sa nauyin majinyaci a ciki, in da hali a buga waya a sanar kafin ku kama hanya. Kowane gado, kowane keken turawa, teburin tiyata da na'urar ɗaukar hoto, duk suna da iyakar nauyin da suke ɗauka. Gara su shirya kafin ku iso.

Da yawa daga cikin masu ƙiba suna da wata larura ta barci. Za ka ji minshari mai ƙarfi, sai ɗif, numfashi ya tsaya na wasu daƙiƙoƙi, sai ya zabura da gurnani. Da rana kuma gyangyaɗi, da safe ciwon kai. A gida abin dariya ne, ana cewa minsharin Baba har maƙwabta. A asibiti wannan labari ne da dole likita ya ji, musamman mai sa barcin tiyata, kuma kai da ka kwana kusa da shi kai kaɗai ka sani. Irin wannan mutum ƙwayar barci ko maganin ciwo mai ƙarfi, irin su Diazepam da Tramadol da Codeine, suna iya sa numfashin da ya tsaya ya ƙi dawowa. Kada tausayi ya sa ka fita kemis ka sayo masa don ya samu barci. Haka nan idan an sa masa iskar oksijin, kada ka murɗa ka ƙara don ka ga kamar ta yi kaɗan. A wasu masu ƙiba yawanta yana sa gurɓatacciyar iska ta taru a jini, mutum ya yi ta barci har ya zarce. Ka ga barcinsa ya yi nauyin da ba ka saba gani ba, ko ya fara sambatu, ko leɓɓansa da faratansa sun sauya launi, ka ruga ka kira nas ko da ƙarfe uku na dare ne, ko da za ta yi maka tsawa.

Akwai wata hidima da muke yi wa iyaye wadda a nan take zama haɗari, ita ce tausa. Doguwar kwanciya da ƙiba suna sa jini ya daskare ya yi guda a jijiyar ƙafa. Alamarsa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kumbura, ta yi zafi, ƙauri yana ciwo. Ɗa nagari sai ya zauna ya kama matsawa. To matsawar tana iya ɓalle gudan ya bi jini ya toshe huhu, mutum yana magana ya ce ƙirjina, kafin a kira likita ya cika. Ƙafa ɗaya ta kumbura, hannunka ya bar wurin, bakinka ya yi aiki. Rigakafin shi ne motsi: ya riƙa karkaɗa sawu sama da ƙasa yana kwance, kuma ranar da likita ya ce ya tashi zaune ko ya taka, a taimaka masa ya tashi, kada a ce ai bai warke ba. Gashi da ruwan zafi ma a kiyaye, domin mai ciwon suga sau da yawa ƙafarsa ba ta jin zafi, sai ta ƙone bai sani ba.

Ƙananan abubuwa biyu zan wuce da sauri. Abin awon jini da ake ɗaurawa a damtse girma-girma ne. A 2023 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun gwada, suka ga idan aka auna mai ƙaton damtse da madaidaicin maɗauri, lambar sama tana ƙaruwa da kusan maki 20 na ƙarya. Ba laifi ka tambaya cikin ladabi ko akwai babba. Sannan jijiyar mai ƙiba tana da wuyar samu. Ka ga nas ta soka sau biyu ba ta samu ba, ba mugunta ba ce, kada ka tayar da rigima.

Abinci kuwa mutanenmu kashi biyu suke. Masu dubiya su cika ƙarƙashin gado da lemon kwalba da kunu mai suga kamar zuma, alhali mutum yana da ciwon suga. Wasu kuma su ce ai dama ce ta samu, a hana shi ci ya rage tumbi. Duka kuskure ne. Gadon asibiti ba wurin rage ƙiba ba ne sai in likita ya tsara. Mutum yana iya zama da kilo 150 amma jikinsa na yunwar abin da ke gina nama, kuma rauni ba ya haɗewa sai da shi: wake, ƙwai, kifi, nama, nono mara suga, zogale. Mai ciwon ƙoda kuwa a tambayi likita tukuna. Wanda bakinsa ya karkace kuma kada a ɗura masa komai yana kwance, a zaunar da shi, in yana ƙwarewa a dakata a faɗa wa ma'aikata.

Na bar magana ɗaya a ƙarshe don ita ce ta fi yi mini ciwo. Mu ne muke yaba ƙiba a waje, mu ce Alhaji ya samu hutu, amarya ta yi kyau ta murje. Ranar da aka sauke shi a ƙofar asibiti kuma sai a taru ana kallo, wani ya ce lukuti, wani ya ɗaga waya yana ɗauka. Har a cikinmu ma'aikata akwai masu sakin baki, ban wanke mu ba. Majinyaci yana ji. Na ga mace ta riƙe fitsari tun safe har la'asar don kada a tara mata mutane. Na ga dattijo ya ɓoye ciwon da ke ƙarƙashin cikinsa wata guda saboda kunyar a ɗaga a gani. Wannan kunya ita ke sa su makara zuwa asibiti. Saboda haka idan za a juya shi a ja labule, in babu labule biyu daga cikinku su riƙe zani su juya baya. A buɗe wurin da ake aiki kawai, sauran jiki a rufe. Idan mahaifiyarka ce ko yayarka, wanka da tsarki na mata ne, amma juyi yana son ƙarfi, kuma babu abin kunya ɗa ya riƙe gefen zani a juya uwarsa tana lulluɓe. Kada ka yi nishi ko ka ce wash a gabansa don ya ji nauyinsa. Ya riga ya sani. Idan lokacin salla ya yi a taimaka masa ya yi yadda zai iya, a zaune ko a kishingiɗe, kada a tilasta masa sauka ƙasa. Hukuncin wannan kuma malamai na nan kusa, su suka fi ni sani.

Na ga an miƙo takardun tambayoyi, za mu zo kansu in sha Allahu. Amma kafin nan a shimfiɗa tabarma a tsakiya, a kawo zani mai ƙarfi da matasai uku. Ina son mutum huɗu su fito, sai kuma wanda ya fi kowa jiki a cikinku ya daure ya kwanta mana, mu gwada juyin nan kowa ya gani da idonsa.